Surukina da Jar Manjagara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsugune a ƙofar Masallacin Huaisheng, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, bayan sallar Juma'a, ina laluben takalmina a cikin na jama'a, wayata ta yi ƙara. Ƙanin matata ne daga gida, inda ko hantsi bai yi ba a lokacin. Ya ce, "Yaya, Baba ya cika bayan asuba." Na ce to. Wallahi abin da bakina ya iya furtawa ke nan. Kafin rana ta faɗi a Guangzhou har an kai surukina makwancinsa, ni kuwa ina nan tsakanin dilolin riguna.

A ɗakin da muke ɗaure kaya, bayan kasuwar Shisanhang, aka zauna min zaman makoki. Babu tabarma, kowa ya sami dila ya ɗosana. Na yi zaton gaisuwar sauke nauyi za a yi min, tunda sau ɗaya tak Baba ya taɓa zuwa ƙasar nan, kuma bai daɗe ba. Ashe mutane sun riƙe shi. Abokin kasuwancina, wani Bamarade, ɗan Maradi ta Nijar, da muke haɗa kwantena tare, ya yi addu'a ya shafa, sai kuma dariya ta ƙwace masa, hawaye na zuba. Ya ce, "Tsohon nan da ya tsugunna gaban otal yana shinshina ciyawar mutane? Allahu akbar. Har mai gadi ya fito, shi ko a jikinsa." Wani dattijo ɗan Kumasi ya ce shi abin da ba ya mantawa, Baba ya tambaye shi me shanun ƙasarsu suke ci da rani, tun kafin ya tambayi sunansa.

Da yamma na je wajen matar da ke sayar mana da taliya, Basiniya ce Musulma. Ta ga idona, ta ga mutane na riƙe min hannu. Ta yi alamar gemu da hannunta, ta ce, "Baba?" Duk shekarun da na yi a garin nan ban san yadda ake cewa mutum ya rasu da Sinanci ba. Kalmar kasuwa kawai nake da ita, wadda ake faɗa idan kaya sun ƙare. Na ce mata, "Meyo." Babu. Ta ajiye ludayi ta ɗaga tafukanta sama.

Na zauna rubuta wannan ne don jikokinsa, 'ya'yana, waɗanda za su tashi su ji ana cewa kakansu mai noman ciyawa ne, su ɗauka zolaya ce. Ba zolaya ba ce. Lokacin da kowa a garinsu yake biyan 'yan ƙwadago su cire masa ciyawa, shi Baba shuka ta yake yi. Ya ware gonarsa ta bakin fadama, ya zuba gamba da kyasuwa da wani wake mai yaɗo da shanu ke so. An yi masa dariya har an gaji. In an tsokane shi sai ya ce, "Ku ci tuwonku, su ma su ci nasu." Ba ya wuce ciyawa bai tsinko ya murza ya kai hanci ba. Ko a gidan biki ne, za ka ga bakinsa na motsi, wani ɗan kara yake taunawa.

Asalin abin rigima ce tsakaninsa da ƙaninsa. A da, da zarar rani ya tsananta, sai su haɗa shanunsu a ba makiyaya su yi kudu da su. Wata shekara garken ya dawo a rame, wasu ba su dawo ba sam, kuma babu wanda ya iya ba da labari mai kan gado. Ƙanin ya ce ƙaddara ce, baɗi ma a sake turawa. Baba ya ce shi dai saniyarsa ba za ta ƙara kwana inda ba ya jin kukanta ba. Aka yi musayar magana a zaure, har ƙanin ya ce masa, "To ka dafa musu dambu su ci." Suka raba garke a ranar. Sun shirya daga baya, amma Baba bai janye maganarsa ba har ya koma ga Allah. Duk abin da zan faɗa a nan, a kan wannan alkawari yake tsaye: shanunsa su ci su ƙoshi a gida, daga ɗaukewar ruwa har saukarsa.

Wanda bai yi aikin ba zai ce ai ciyawa ce, a yanka a tara. Ina! A ƙarshen damina ake yankan, lokacin da sama ba ta gama yanke shawara ba. Kashi ɗaya a shanya ya bushe ya zama ingirici. Ɗaya kashin a bar shi ya ɗan sha iska, a kwashe da sauran ɗanyensa a zuba a rami, a tattake, a rufe da leda da ƙasa, sai tsakiyar rani a buɗe. Ita Baba yake kira ciyawar rami. Dukkansu biyun suna son a tara su da sauri. In ruwa ya sauka a kan yankakkiyar ciyawa tana baje, to ta tashi daga abinci ta koma taki. Kuma daidai lokacin ne kowa ke gonar geronsa, ba ka samun hannu ko za ka yi kuka.

Shi ya sa yake ji da manjagararsa ta tarakta. Wani faifan ƙarfe ne mai hannaye, kowane hannu da yatsu, ana ɗaura shi a bayan tarakta. Tarakta na tafiya faifan na juyawa, yatsun na share ciyawar suna jera ta layi guda, sai kwasa. Tasa tsohuwa ce, a gwanjo ya saya, an yi mata walda har babu sauran wurin da wuta ba ta taɓa ba. Ranar da ta karye ƙarshen karyewa, aka ce ya turo min hoto in saya masa sabuwa in saka a kwantena. Ya ce shi bai taɓa sayen saniya bai buɗe bakinta ba, ba zai fara a kan ƙarfe ba. Haka aka yi masa biza.

Ranar da matata ta faɗa min Baba na tafe, kuma a wajena zai sauka, sai na hau tunanin inda zan sa kaina. Ku fahimce ni, ina son mutumin nan. Amma suruki ne. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Daga nesa nake tuɓe takalmi, in tsugunna, in gaishe shi ina kallon ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon katanga. Ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce min. A gida wannan ba wahala ba ce, akwai zaure, akwai soro, akwai yaran da za a aika. To a Guangzhou fa? Ɗaki ɗaya gare ni a hawa na sama, da ɗan banɗaki, da baranda da ba ta fi shimfiɗar sallaya ba.

Kai, na ga ta kaina. A lif, mu biyu, ni ina kallon wannan kusurwa shi yana kallon waccan, ga madubi ta ko'ina yana haɗa mu. A jirgin ƙasa jama'a suka matse mu har gemunsa na taɓa kafaɗata, na ji kamar in nutse. Abinci kuwa, in na kawo sai in ajiye masa in ce ana nemana a ƙasa, in je in ci nawa a tsaye a kan matakala. In na dawo sai in tarar ya ci gefe ɗaya, ya ture duk naman zuwa ɗaya gefen, ya rufe. Na bar masa gado, ya ƙi hawa, ya shimfiɗa bargo a ƙasa. Ni kuma ina zan hau gado suruki na ƙasa? Gadon nan haka ya yi ta zama babu kowa a kai har ya tafi.

Kullum da safe sai ya ɗauki carbinsa ya ce zai ɗan taka. Ina jin daɗi, in samu in yi wanka in karya a sake. Sai daga baya Bamaraden nan ya ce min, "Kai, ka san tsohonka ba ya zuwa ko'ina? Yana nan ƙasan bene a tsaye, bayan ƙofa. Tsoron ɓata yake yi." Mutum mai shekarunsa, a tsaye a inda ake ajiye shara, don kawai in sha shayi ba tare da kunya ba. Ban ce masa na sani ba. Na dai rage daɗewa a wanka.

Bamaraden ne ya zame mana baki. In muna tare mu uku, hira har da dariya. Baba zai dube shi ya ce, "A tambayi Malam ko nan da masallaci da nisa." Ni kuma in dube shi in ce, "A gaya wa Baba babu nisa." Shi ko ya yi ta juya kai yana cewa, da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon, ku Kanawa kun cika wahalar da kanku, ga ku ga juna." Baba yana son sa. Har faɗa suka yi a kan ko shanun Maradi sun fi na Kano nono, Baba ya yi fushi na gaske ya ƙi cin goron da ya miƙa masa, can kuma da la'asar ya aike ni in kira shi su ƙarasa.

Ranar da za mu je ganin manjagara, aka kira Bamaraden cewa ana loda kwantenarsa. Ya ce mu jira gobe. Ni da rawar kai na ce haba, abin da bai fi mu je mu nuna mu dawo ba. Muka tafi mu biyu.

Wurin yana can bayan gari, wata babbar rumfa cike da kayan noma. Mai wurin, lawban kamar yadda muke ce musu, ya tarbe mu da shayi a ƙananan kofuna. Baba ya riƙe nasa bai sha ba, ni ma na riƙe nawa. Manjagara iri biyu ya nuna mana. Ɗaya ƙarama ce, koriya, mai faifai ɗaya. Ɗayar ja ce, ƙatuwa, mai faifai biyu, in ta buɗe hannayenta sai ta kusa cike rumfar.

Baba ya wuce kai tsaye wajen ƙaramar. Ya naɗe babbar rigarsa ya tsugunna. Ya ja yatsa ɗaya ya sake shi, ya saurari ƙararsa. Ya leƙa ƙarƙashi ya ga inda tayoyin suke, ya sa tafin hannunsa tsakanin yatsun da daɓe. Na san abin da yake dubawa, don na sha jin yana faɗa wa wasu cewa manjagarar da ke kartar ƙasa ita ke zuba turɓaya a ciyawar rami ta ruɓar da ita. Ya daɗe a wurin. Ni kuma a raina na riga na gama cewa ita ce daidai. Na san taraktarsa, 'yar tsohuwa ce mai tari. Na san gonar, ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, ga itatuwan gawo a tsakiya da ya hana a sare.

To me ya hana ni cewa, "Baba, wannan ce"? Tunani ne ya zo min: in na nuna ƙaramar, zai ce yaron nan ya raina ni, yana ganin ƙarfina bai kai babbar ba. Suruki ya taso tun daga Kano, ka kai shi gaban ƙaramin abu? Shirun ya yi yawa, lawban na kallonmu, ni kuma shiru a gaban Baba ƙaiƙayi yake min. Sai na juya wajen jar, don dai in ce wani abu, na ce, "Kai, wannan kam ta yi kyau." Wallahi yadda mutum zai yaba motar da ta wuce a titi, haka na faɗe ta.

Baba ya miƙe a hankali. Ya karkaɗe rigarsa. Ya zo ya tsaya gaban jar, bai taɓa ta ba. Ya ce, "Ta yi kyau."

Na ce a raina, ashe ita yake so, dubawar ƙaramar ta ciniki ce.

Lawban ya tambaye ni da Turanci ko taraktarmu babba ce, don wannan tana son ƙarfi. Na sunkuyar da kai na ce, "Wai yana tambaya ko tarakta za ta ɗauka."

Baba ya ce, "Yadda Malam ya gani."

Na ce, "A'a, yadda dai Baba ya gani."

Ya ce, "Ai ku ne 'yan gari."

Lawban ya dube ni, ya dube shi, ya ce, "Oke?" Na saci kallon Baba na ga kamar ya gyaɗa kai, sai na gyaɗa. Ina jin shi ma ni ya saci kallo. Aka tafa, aka rubuta, aka ce shiye-shiye, wato an gode. A hanyar dawowa babu wanda ya yi magana, amma da ma ba ma yi, don haka ban ji komai ba. Da Bamaraden ya ga hoton da yamma sai ya ce, "Wannan dodon? Wace tarakta ce za ta ja shi?" Baba ya ce, "Malam ya san kan abin." Na ji daɗi har cikin raina. Ku ji fa, daɗi na ji.

Ranar da zai koma, a filin jirgi, ya yi min addu'a mai tsawo yana kallon allon tashin jirage. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani ƙullin ingirici ɗan mitsitsi da ya zo da shi tun daga gida, ya ajiye a kan akwatin da ke tsakaninmu. Ya ce, "A riƙa shinshinawa, garin nan babu ƙanshin komai sai taya." Ya juya ya tafi.

Manjagara ta isa, aka turo min hotonta a ƙofar gida, yara sun kewaye ta. Daga nan duk lokacin da na kira gaisuwa na tambaya, amsa ɗaya ce: "Alhamdulillahi, tana nan lafiya." Hotunan da ƙanin matata ke turowa kullum tana sheƙi. Na riƙa nuna wa mutane a Shisanhang ina cewa ku ga ƙarfen ƙwarai, damina biyu ko kwarzane babu. Da na je gida hutu na gan ta a wata sabuwar rumfa da aka yi mata, an lulluɓe ta da tamfol. Na lura garken ya ragu, aka ce Baba ne ya fitar da tsofaffin. Na ce madalla. Ban ƙara tambaya ba, don ba a yi wa suruki ƙidayar dukiya.

Bayan sadakar uku na kira ƙanin matata mu yi maganar gona, tunda yanka ya matso. Na ce a duba manjagara a sa mata mai. Ya ce, "Yaya, Baba ya hana a faɗa maka, amma yanzu ban san yadda zan yi ba. Manjagarar nan ba ta taɓa aiki ba."

Na ce, "Kamar yaya?"

Ya ce ranar farko da aka ɗaura ta, tarakta ta ɗaga ƙafafun gaba sama, saura kaɗan ta kifar da direba. Aka ɗora buhunan yashi a gaba, ta ɗan ja, ta yi hayaƙi ta mutu. Aka yi hayar babbar tarakta daga wani gari, sai ga shi manjagarar ba ta wucewa tsakanin gawo da gawo, kuma inda ƙasa ta yi tudu sai ta kwashi turɓaya ta watsa cikin ciyawa. Baba ya tsaya yana kallo, ya ce a kwance ta. Ya sa aka yi mata rumfa. Duk Juma'a shi da kansa yake goge ta.

Na ce, "To da me ake tara ciyawar?"

Ya ce, "Da hannu." Da manjagarar hannu, irin ta share tsakar gida. Shi da Baba da duk wanda aka samu. Shekarar farko ruwa ya riske su, fiye da rabin abin da aka yanka ya ruɓe a ƙasa. Ramin ko rabi bai yi ba. Da rani ya yi nisa abinci ya ƙare, ƙanin Baba ya zo har gida ya ce a haɗa da nasa a tura kudu, babu gori a ciki. Baba ya ce a'a. Ya riƙa fitar da saniya ɗaya ya sayo wa sauran dusa da harawa. Bara ma haka. Ƙanin matata ya ce masu sayen kayan noma sun zo sun taya manjagarar, kuɗin zai isa a sayi ƙarama har a yi canji, Baba ya ce ba za a ji a gari cewa abin da surukinsa ya zaɓa masa ya kasa ba.

Na ce, cikin ɗaga murya, "Ni na zaɓa? Ni ƙaramar nake so! Shi ne ya ce ta yi kyau!"

Ya ce, "Shi ma ƙaramar yake so, Yaya. Ya faɗa min. Ya ce yana gama dubawa ya san ita ce, sai ka yaba babbar. Ya ce yaro ya bar aikinsa, ya bar gadonsa, yana cin abinci a matakala saboda ni, sannan in ƙaryata shi a gaban Basine?"

Ashe ya san da matakalar.

Ban san inda zan sa fuskata ba, alhali ni kaɗai ne a ɗakin. Kunya iri-iri na sani, na yi ta a lif, na yi ta a jirgin ƙasa, amma wannan daban ce, har cikin ƙashi nake jin ta. Kuma ba zan ɓoye ba, na ji haushinsa. Haba Baba! Mutumin da ya iya tsayawa a zaure ya raba garke da ɗan'uwansa, wanda ya ƙi goron Bamarade a kan nonon saniya, shi ne ya kasa ce min "a'a, Malam, waccan"? Sai na tuna ni ma kalmar da ta gagare ni ke nan. Mu biyu muka tsaya gaban abin da muka sani sarai, kowa na girmama ɗan'uwansa, muka sayo wa shanu yunwa. Ina ta tuna shi a sunkuye cikin rana da manjagarar hannu, da wannan tsohon bayan nasa, ni kuma ina nan ina nuna hoto.

Ban gama dawowa hayyacina ba na ji ƙanin matata yana cewa, "Ga Inna." Surukata. Tsakanina da ita gaisuwa ce daga bayan labule, ban taɓa jin jimla uku a jere daga bakinta ba. Na zame daga kan gado na tsugunna, ko da yake ba ta ganina. Na fara jero ta'aziyya, ta amsa, sannan ta katse ni.

Ta ce, "Malam, ina takaba, bai kamata a ji muryata da yawa ba, amma zan yi magana. Shi ya tafi da kawaicinsa, Allah Ya ba shi ladansa. Ni kukan shanu nake ji ta bayan ɗakina. Ka san waɗanda suka rage?"

Na ce, "A'a, Inna."

Ta ce, "Na 'ya'yanka ne. Duk ranar sunan ɗayansu sai ya ware maraƙa ya ce ta jaririn ce. Su ne suka hayayyafa. Nasa ya yi ta sayarwa yana ciyar da su, har ya ƙare. Babu ko ɗaya tasa a garken nan." Ta ja numfashi. "Ƙaninsa ya ce bana in babu abinci kudu za su. Ni kuma na ji abin da yayansa ya faɗa a zaure. Ciyawa ta kai yanka. In ka sayi ƙaramar yanzu, za ta iso?"

Aikina ke nan, na san tafiyar jirgin ruwa, na san zaman kaya a tashar Legas. Bakina har ya ɗauko "in sha Allahu", irin wadda ake faɗa wa manya don a rabu lafiya. Na haɗiye ta.

Na ce, "Ba za ta iso ba, Inna. Sai dai ta baɗi. Ni zan iso. A nemo min manjagarar hannu."

Ta ce, "To. Akwai tasa."

Na bar wa Bamaraden mukullin ɗakin kaya, shi zai je ya ɗauko koriyar ya loda, na ce masa ko lawban ya yi rantsuwa kada ya kalli wata. Jibi zan tashi. Ban taɓa tara ciyawa ba, tafin hannuna ya saba da almakashi da salatif, na san za a yi min dariya a fadama.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo, mai ciyar da dabbobin da ba sa iya roƙo. Ka yafe masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa bayan da ya sunkuya a rana saboda ni. Ka ba Inna haƙuri. Mu kuma da za mu shiga gonarsa, Ka riƙe mana ruwan sama har mu kwashe.